Faifan C Ya Cika: Yadda Za Ka Kwashe Manhaja Zuwa D Ba Tare da Ta Lalace Ba

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake saye na hannu a kasuwanninmu suna zuwa ne da ɗan ƙaramin faifai mai sauri, wato SSD mai giga 128 ko 256. Ranar da ka saya gani kake ya ishe ka. Sai dai Windows 11 ita kaɗai ba ta yarda ta hau faifan da bai kai giga 64 ba, kuma kowace sabuntawa ƙara mata ƙiba take yi. Ka ɗora Office, ka ɗora CorelDRAW da Photoshop, ɗalibin injiniya ya ƙara da AutoCAD ko MATLAB, kafin ka ankara layin da ke ƙarƙashin faifan C ya rikiɗe daga shuɗi zuwa ja. Windows tana mayar da shi ja ne idan sararin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A gefe kuwa ga faifan D nan zaune wayam, ko dai wanda ya zo da kwamfutar, ko wanda mai gyara ya cire maka gurbin DVD ya sa a madadinsa.

Abin da ya fara zuwa ran mutum shi ne ya shiga Program Files, ya yanko foldar manhajar, ya manna ta a D. Kada ka yi. Lokacin da aka girka manhaja, ba fayiloli kawai aka zuba ba. An rubuta adireshinta a kundin rajistar Windows, an rubuta shi a gumakan da kake dannawa, an rubuta shi a wurin da ke faɗa wa Windows wace manhaja ce za ta buɗe wane irin fayil, har mai cire manhajar ma da wannan adireshin ya san ta. Ka ɗauke foldar, duk waɗannan suna nan suna nuna kango. Manhajar ta ƙi buɗewa, ta kuma ƙi ciruwa.

Hanya mafi tsafta ita ce ka cire manhajar ka sake girka ta, ka zaɓi D da hannunka. Idan kana da fayil ɗin girkawa da lasisinka a hannu, wannan nake ba ka shawara, ka huta da sauran bayanin. Amma na san halin da ake ciki. Sau da yawa a shago aka ɗora maka ita ba a ba ka fayil ɗin ba, ko kuma sake saukewa zai cinye datar wata guda. MATLAB da aka girka da dukkan kayan aikinsa ya haura giga 20. Ga mai irin wannan hali akwai mafita, kuma Windows ɗin ce da kanta ta tanade ta.

Kafin nan, tabbatar manhajar ce ta cinye wurin. Sauke WinDirStat, kyauta ce kuma ƙarama, ta zana maka abin da ya fi kowa girma a C. Sau tari za ka tarar ba Program Files ba ne, bidiyo ne jibge a Downloads. Wannan ba ya bukatar wata dabara: danna dama a kan foldar Downloads ko Documents ko Videos, shiga Properties, sannan Location, ka danna Move. Manhajojin da aka sauke daga Microsoft Store da yawansu suna da nasu maɓallin Move a Settings, ƙarƙashin Apps. Steam yana kwashe wasanninsa da kansa daga sashen Storage. Masu tace fim da Premiere Pro su duba Media Cache a Preferences su karkatar da shi D, domin shi ne ke kumbura a ɓoye. Za ka kuma ji ana cewa a kashe fayil ɗin hiberfil.sys don a samu ƴan giga. Ni ban cika son wannan ga mai laftof ba. Da shi Windows ke adana aikinka idan batiri ya zo gargara, kuma a inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba abin yarwa ba ne.

To, idan duk ka bi waɗannan kuma har yanzu wata ƙatuwar manhaja ce ta tsaya maka a wuya, sai mu zo kan mahaɗa.

Tsarin ajiyar fayiloli na Windows, wanda ake kira NTFS, tun zamanin Windows 2000 yana da wani abu mai suna junction. Mu kira shi mahaɗa. A ido folda ce, tana da suna kamar kowace folda, amma cikinta ba komai sai adireshin wata foldar. Kamar ɗan kasuwa ne da ya tashi daga rumfarsa ya koma wani layi, ya bar yaronsa a tsohuwar rumfar da allon sunan yana nan. Duk wanda ya zo neman kaya, yaron ya ruga ya ɗauko masa, mai saye bai ma san an tashi ba. Rajista tana neman manhajar a C, mahaɗa ta miƙa ta D, manhajar ta buɗe lafiya lau. Windows ma haka take wa kanta: tun daga Vista, tsohuwar foldar Documents and Settings mahaɗa ce kawai mai kaiwa ga Users, don tsofaffin manhajoji kada su ɓata hanya. Umarnin ƙirƙirar mahaɗa, mklink, shi ma da Vista ya zo, haka nan robocopy da za mu yi kwafi da shi. Ba abin da za ka sauke.

Sharaɗi a kan faifan D: ya kasance NTFS, ya kasance a cikin kwamfutar, harafinsa kuma ba ya canzawa. Danna dama a kansa ka duba Properties za ka ga tsarinsa. Filas ba wurin ajiye manhaja ba ne; yawancinsu FAT32 ne ko exFAT, ba sa riƙe bayanan izini, FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. Idan dole sai faifan waje mai igiyar USB, shiga Disk Management ka ba shi harafi na can nesa, kamar S ko X, don kada wata rana wani filas ya riga shi karɓar harafinsa. Idan kuma D yana kulle da BitLocker, kunna buɗewa ta kai tsaye.

Aikin matakai uku ne: kwafi zuwa D, canza sunan tsohuwar foldar, da ƙirƙirar mahaɗa, kuma ana iya buga su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Dalilin da ya sa na fi son a zuba su a rubutun umarni guda shi ne, mutum yana gajiya, yana tsallake dubawa, rubutu kuwa ba ya wuce mataki sai na baya ya tabbata. Buɗe Notepad ka rubuta wannan:

```
@echo off
set "TUSHE=C:\Program Files\MATLAB"
set "MASAUKI=D:\Manhajoji\MATLAB"

net session >nul 2>&1
if errorlevel 1 goto ba_izini
if not exist "%TUSHE%\" goto duba_suna
if exist "%MASAUKI%\" goto duba_suna
if exist "%TUSHE%.tsoho\" goto duba_suna

robocopy "%TUSHE%" "%MASAUKI%" /E /COPYALL /DCOPY:DAT /XJ /R:1 /W:2 /TEE /LOG:"D:\rahoto.txt"
if errorlevel 8 goto kwafi_ya_gaza

move "%TUSHE%" "%TUSHE%.tsoho"
if exist "%TUSHE%\" goto ana_amfani

mklink /J "%TUSHE%" "%MASAUKI%"
if not exist "%TUSHE%\" goto mayar

echo An gama. Gwada manhajar kafin ka goge komai.
goto fita

:ba_izini
echo Sake kunna ni da Run as administrator.
goto fita
:duba_suna
echo Duba sunayen foldar, akwai abin da bai dace ba.
goto fita
:kwafi_ya_gaza
echo Kwafi bai kammala ba. Karanta D:\rahoto.txt
goto fita
:ana_amfani
echo Wani abu yana amfani da foldar. Ba a canza komai a C ba.
goto fita
:mayar
move "%TUSHE%.tsoho" "%TUSHE%"
echo Mahada ta ki. An mayar da komai yadda yake.
:fita
pause
```

Adana shi a Desktop da suna kwashe.bat, ka zaɓi All files a akwatin nau'in fayil don kada Notepad ta liƙa masa .txt a wutsiya. Layin TUSHE da na MASAUKI kawai za ka riƙa canzawa: inda manhajar take, da inda za ta koma. Kada ka rufe ko ɗaya daga cikinsu da sandar nan mai karkata, wato \, domin robocopy yana ruɗewa idan ta zo daf da alamar rufe zance. Za ka lura ban sa ƙ da ɗ a saƙonnin ciki ba. Baƙin allon umarni yakan dagula haruffanmu masu lanƙwasa, shi ya sa na bar su. Na kuma kauce wa tattara umarni cikin baka biyu, na yi ta amfani da goto, saboda ɗaya foldar manhajojin sunanta yana ƙarewa da x86 a cikin baka, kuma wannan bakar ta rufewa tana iya yanke umarni a tsakiya.

Abu mafi muhimmanci a rubutun nan shi ne abin da babu a cikinsa: babu umarnin gogewa ko guda. Da gangan na yi haka, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimce ni. Robocopy yana da /MOVE, wanda ke kwafar fayil ya goge na asali nan take. Za ka ga rubuce-rubuce da yawa suna amfani da shi don ya fi gajarta. Amma a ce an kai rabi aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ba ya riƙe caji, ko wani fayil guda ya ƙi kwafuwa. Rabin manhajarka na C, rabi na D, babu wadda ke aiki. Akwai kuma /MIR, wanda ya fi wannan haɗari: yana mayar da masauki ya zama daidai da tushe, wato duk abin da ya tarar a masauki da babu shi a tushe, sharewa yake yi. Ka yi kuskure ka rubuta D kawai a matsayin masauki, hotunan biki da takardun makaranta sun tafi, kuma ba ta Recycle Bin suke bi ba. A namu tsarin, ko a wane mataki aka katse, cikakkiyar manhajarka tana nan a C ba a taɓa ta ba. Mafi munin abin da zai faru shi ne ka goge guntun kwafin da ke D ka sake farawa, ko ka cire .tsoho daga sunan foldar.

Sauran haruffan da ke bin robocopy kowanne da aikinsa. /E yana ɗauko duk foldar da ke ciki, har da marasa komai, domin wasu manhajojin suna neman su. /COPYALL yana tafiya da kwanan wata da bayanin mallaka da na izini, shi ya sa dole a kunna rubutun da ikon administrator. Layin net session gwaji ne kawai na ko kana da wannan ikon. /XJ yana hana shi bin wata mahaɗa da ya tarar a ciki ya yi ta zagaye. /R:1 da /W:2 kuwa kada ka kuskura ka cire su. Idan ba a gaya masa ba, robocopy yana sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Ka lissafa, kusan shekara guda ke nan a kan fayil ɗaya. Mutane da yawa da suke cewa ya sandare, jiran nan yake yi.

Sai lambar 8 da ke layin da ya biyo bayan robocopy. Yawancin umarni idan sun yi nasara sifili suke dawowa da shi, duk wata lamba kuma matsala ce. Robocopy ba haka yake ba. A wurinsa 1 na nufin an kwafa lafiya, kuma duk abin da bai kai 8 ba ba gazawa ba ne. Daga 8 zuwa sama ne wani abu ya ƙi. Wanda ya rubuta errorlevel 1 a wannan layin zai ga rubutunsa na ihun an gaza alhali komai ya tafi daidai. Duk da haka, buɗe rahoto.txt ka gangara ƙasa. Akwai ɗan jadawali a can. Ƙarƙashin FAILED ka tabbatar sifili ne a layin Dirs da na Files.

Canza sunan tsohuwar foldar zuwa .tsoho aiki biyu yake yi. Yana buɗe wa mahaɗa gurbin sunan, sannan gwaji ne: Windows ba ta yarda a canza sunan foldar da wani ke riƙe da fayil a cikinta. Idan ka ga saƙon cewa ana amfani da foldar, to manhajar tana da wani ɗan aike da ke gudana a bayan fage. Goge kwafin da ke D, sake kunna kwamfutar, danna Ctrl da Shift da Esc ka duba Task Manager ka kashe duk abin da ke ɗauke da sunan kamfanin, sannan ka sake gwadawa. Idan ta sake ƙi, ka ɗauka manhajar tana cikin waɗanda bai kamata a taɓa ba, ka ƙyale ta. Mafi alheri ma tun farko ka kunna rubutun da zarar kwamfuta ta tashi, kafin ka buɗe komai, kuma caja na jone.

Bayan an gama, buɗe allon umarni ka buga dir /AL "C:\Program Files". Za ka ga sunan manhajar da kalmar JUNCTION a gefe, da adireshin D a gabanta. A Explorer kuma ƴar kibiya ce za ta fito a jikin foldar. Buɗe manhajar daga gunkinta na kullum, buɗe tsohon aiki, adana sabo, buga takarda idan da ita kake bugawa, kashe kwamfutar ka kunna ka sake. Har yanzu ba ka samu sarari ko kaɗan ba, na sani, domin foldar .tsoho na nan. Daure ka bar ta kwana biyu ko uku kana aiki. Sauri ya haifi nawa. Idan hankalinka ya kwanta, zaɓe ta, karanta sunan sau biyu ka ga .tsoho a ƙarshe, ka danna Shift da Delete tare. Delete kaɗai Recycle Bin zai kai ta, wanda shi ma a C yake.

Idan kuwa manhajar ta ƙi zama lafiya, komawa baya layi biyu ne a allon umarni mai ikon administrator. Na farko rmdir "C:\Program Files\MATLAB", wanda ke cire mahaɗar kawai bai taɓa abin da ke D ba. Na biyu ka mayar wa foldar .tsoho sunanta na asali. Ka kiyayi del a kan mahaɗa: shi ratsawa yake yi ya goge fayilolin gaske da ke can masauki. Haka nan duk abin da ka shiga ta mahaɗar ka goge a Explorer, na D ka goge, domin ba kwafi biyu ba ne.

Yanzu abin da ba a kwashewa. Kada ka kwashe Program Files ɗungurungum, ko foldar Windows, ko Users, ko ProgramData. Microsoft da kanta ta bayyana cewa ba ta goyon bayan sauya mazaunin Program Files, kuma babbar sabuntawa tana iya tsayawa cak idan ta tarar an yi. A cikin Program Files ɗin ma bar Common Files da WindowsApps da duk abin da sunansa ya fara da Windows. Bar manhajar kashe bairos, bar direbobin firinta da na hoto da na sauti, bar VPN. Waɗannan suna tashi ne tare da Windows, wani lokaci kafin faifan D ya gama shiri. Microsoft Office ma na fi son a bar shi inda yake, saboda yana sabunta kansa da kansa a kai a kai. Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne: idan aka zare faifan D gaba ɗaya, ya kamata kwamfutar ta tashi lafiya, manhajar da aka kwashe ce kawai za ta ƙi buɗewa. Duk abin da rashinsa zai hana Windows tashi, ba na kwashewa ba ne.

Ka kuma yi tunanin sauri. SSD na gama-gari yana karanta kusan mega 500 a daƙiƙa, tsohon faifai mai juyawa na laftof kuwa wajen 100 yake yi, kuma a ƙananan fayiloli masu yawa tazarar ta fi haka nesa. Idan D mai juyawa ne, manhajar za ta daɗe kafin ta buɗe. Don haka wadda kake ci da ita kullum, kamar CorelDRAW ga mai shagon buga kati, bar ta a C. Kwashe ƙatuwar da sai jifa-jifa kake buɗewa.

Inda wannan rubutun ya fi burge ni ma ba a Program Files ba ne. Masu gyaran waya sun san yadda iTunes ke tara ajiyar iPhone a C, ba tare da ya ba ka wurin zaɓar wani faifai ba. Wayar kwastoma guda tana iya cinye giga masu yawa. Ajiyar tana cikin AppData, Roaming, Apple Computer, MobileSync, Backup. Idan kuma daga Microsoft Store aka sauke iTunes ɗin, tana cikin foldar Apple da ke ƙarƙashin sunan mai kwamfutar. Sa wannan adireshin a layin TUSHE, ka ba shi sabon wuri a layin MASAUKI, rufe iTunes, kunna rubutun. Masu koyon haɗa manhajar waya su ma za su iya yin haka da foldar Sdk ta Android da ke AppData, Local. Irin waɗannan bayanai ne zalla, ba sa tashi da Windows, haɗarinsu kaɗan ne, sararin da suke saki kuma ya fi na yawancin manhajoji.

Bayan kowace babbar sabuntawar manhajar da ka kwashe, sake buga dir /AL ɗin nan. Wasu masu girkawa suna cire mahaɗa su gina folda ta gaske a gurbinta, sai ka ga C ya sake cika ba ka san dalili ba. Ranar da za ka rabu da manhajar, cire ta ta hanyar da aka saba a Settings, sannan ka bi mahaɗar da rmdir idan ta rage, ka share saura a D.

Ajiye ɗan fayil a D ka rubuta kowace folda da ka kwashe da inda ta koma. Duk ranar da za ka kai kwamfutar gyara, nuna wa mai gyaran, ka gaya masa kada ya canza harafin D. Idan kuma fomat za a yi wa C, ka sani mahaɗai da rajista duk za su tafi tare da shi. Foldar da ke D za ta tsira, amma sabuwar Windows ba ta san da ita ba, don haka manhajojin sai an sake girka su. A lokacin sai ka zaɓi D tun daga akwatin girkawa. Ajiyar iPhone da foldar Sdk kuwa suna nan daram, layin mklink /J kaɗai za ka sake bugawa su dawo aiki.